Tambayi Likita: Inzayim ɗin da ke sa wa furotin alamar rusau

Tambayoyin da na zaɓo a wannan makon sun fito daga mutane biyar da ba su san juna ba, amma amsarsu tana komawa wuri guda: wani rukunin inzayim, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, da ake kira yubikwitin ligez, ko E3 a taƙaice. Ku yi haƙuri da baƙin sunayen, maganar ta shafi lafiyar gidajenmu kai tsaye.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina aji biyu a karatun likitanci a Sakkwato. An koya mana E1 da E2 da E3, na haddace amma ban gane ba. Me ya sa aka fi damuwa da E3?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Fara da matsalar da jiki yake warwarewa. Kowace ƙwayar halitta tana ƙera furotin dare da rana, kuma dole ta riƙa rushe wasu: waɗanda suka lalace da waɗanda aikinsu ya ƙare. Ka san yadda hukuma ke shafa jan fenti a jikin ginin da za a rushe kafin katafila ta iso? Yubikwitin shi ne jan fentin, ƙaramin furotin mai amino asid 76, wato tubalan da ake gina furotin da su. Katafilar ita ce furotiyasom, wadda ke daddatsa furotin ɗin da aka jera wa yubikwitin huɗu ko fiye. E1 yana kunna yubikwitin da ƙarfin ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, E2 ya karɓa ya ɗauko, shi kuwa E3 shi ke nuna wane gini za a shafa wa. Shi ya sa E1 guda biyu suka ishe mu, E2 kusan 40, amma E3 sun haura 600, kowanne da waɗanda yake farauta.

Ɗauki E3 guda ɗaya ka san shi da kyau, wato MDM2. Amino asid 491 gare shi. A farkonsa akwai wani ɗan rami da p53, furotin mai kare mu daga sankara, ke shiga da amino asid ɗinsa uku, na 19 da na 23 da na 26, an kuma ga siffar wannan haɗuwa tun 1996. A ƙarshensa akwai ɓangaren da ake kira RING, wanda sinadarin zinki ke riƙe da siffarsa, shi ke kama E2. Hannu ɗaya na riƙe da p53, ɗaya na riƙe da E2, sai yubikwitin ya tsallaka. Masu RING irin wannan ba sa karɓar yubikwitin a jikinsu, daga E2 yake tsallakawa kai tsaye. Akwai wani dangin, HECT, da suke fara karɓarsa a jikinsu kafin su manna. Wannan bambancin malamai na son tambayarsa a jarrabawa. Aaron Ciechanover da Avram Hershko na Isra'ila da Irwin Rose na Amurka ne suka gano tsarin, aka ba su kyautar Nobel a 2004.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni uwa ce daga Gusau. An ce za a yi wa 'yata mai shekara 11 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, maigida kuma yana ɗari-ɗari. Ta yaya ƙwayar cuta za ta jawo sankara, har a ce allura za ta hana?

Amsa: Hajiya, tambayar maigidanki tana kan hanya, kuma tana da amsa. A cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wannan p53 da na ambata a sama. Idan ƙwayar halitta ta samu lahani a abin gadonta, shi ke tsayar da ita daga rabuwa har a gyara, idan gyaran ya gagara ya sa ta mutu. Yana cikin manyan abubuwan da ke kare mu daga sankara, kuma a kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam ana samunsa a lalace.

Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, tana ƙera wani furotin nata mai suna E6. Shi E6 sai ya maƙale wa wani E3 na jikinmu da ake kira E6AP, wanda a da can ba ruwansa da p53, ya sa shi ya riƙa manna wa p53 alamar rusau. Da kayan aikin jikin mace ake rushe abin da ke kare ta. Masu bincike a ƙarƙashin Peter Howley a Amurka ne suka nuna haka a farkon shekarun 1990. Yawancin masu ɗaukar ƙwayar jikinsu kan kawar da ita cikin shekara biyu. A wasu matan sai ta zauna, lahani ya yi ta taruwa shiru, bayan shekara 15 zuwa 20 sankara ta bayyana. Nau'i biyu kaɗai, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari.

Allurar tana hana ƙwayar shiga ne tun farko, ba ta korar wadda ta riga ta zauna. Shi ya sa ake yi wa yara 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin aure. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, kyauta, sau ɗaya. A duniya kuwa ana amfani da ita tun 2006, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da ke hana haihuwa, har ya ɗauke rai, shi ne ciwon kansa. Babu abin da ke ci mini rai kamar mace ta iso asibiti bayan ta daɗe tana zubar jini tana ɓoyewa, a lokacin da abin ya riga ya yi nisa. A yi wa yarinyar nan allura. Ke ma Hajiya, idan kin kai 30, ki je a duba miki bakin mahaifa ko da lafiyarki ƙalau. Jini bayan saduwa, ko bayan daina al'ada, ko ruwa mai wari, ba abin jira ba ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifinmu yana fama da sankarar ɓargo da ake kira mayeloma, an sa shi a kan talidomaid. Na ji an ce maganin nan ne ya nakasa jarirai a Turai. Hankalinmu ya tashi.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Wani kamfanin Jamus ta Yamma ya fito da shi a 1957 a matsayin maganin barci, masu ciki suka riƙa sha don tashin zuciya. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, da yawansu hannuwa da ƙafafu gajeru ƙwarai. An shafe kusan shekara 50 ba a san yadda yake aiki ba, sai a 2010 masu bincike a Japan, ƙarƙashin Hiroshi Handa, suka gano yana kama wani furotin mai suna serebulon, wanda shi ne mai zaɓe a cikin wani E3.

Ga abin mamakin: maganin ba ya kashe inzayim ɗin. Zama yake a cikin raminsa ya sauya masa fuska, sai ya fara kama furotin ɗin da a da bai san su ba. A 2014 aka nuna cewa a ƙwayoyin mayeloma, biyu daga cikinsu su ne Ikaros da Aiolos, waɗanda sankarar ba ta rayuwa sai da su. A jikin ɗan tayi kuwa, cikin waɗanda ake rushewa har da SALL4, mai hannu a ginin gaɓoɓi. Aiki ɗaya ne, ga dattijo magani, ga tayi masifa.

Don haka Baba ya ci gaba da sha yadda aka rubuta masa, ku kuma ku tsare gida. A kulle maganin. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe, kada kuma a sam ma kowa. Idan yana da matar da ke iya ɗaukar ciki, kwaroron roba dole ne, domin maganin na fita a maniyyi. Yakan sa barci da taurin bayan gida. Sagewa ko zugi a yatsu ku gaya wa likitansa da wuri. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi ko numfashi sama-sama kuwa alamar daskarewar jini ce, asibiti za ku nufa a ranar.

Tambaya: Likita, ni mai kemis ne a Kano. Wani ya zo neman maganin da ke toshe MDM2, wai yana warkar da sankara. Akwai shi?

Amsa: Akwai irinsa, amma na gwaji ne, ba na kanti ba. A 2004 masanan kamfanin Roche suka bayyana sinadaran da suka kira nutlin, waɗanda ke cike ramin nan na MDM2 don p53 ya tsira. Dabarar tana da kyau, sai dai tana da iyaka. Ba ta aiki idan p53 ɗin kansa ya lalace, ba kuma ta dace da sankarar bakin mahaifa ba, tunda a can E6AP ke ɓarnar. Sannan p53 yana tashi har a lafiyayyen ɓargo, sai ƙwayoyin da ke tsayar da jini su faɗi, ga amai da gudawa. Ɗaya daga cikinsu, idasanutlin, bai ƙara wa masu sankarar jini tsawon rai ba a babban gwajin da aka yi. Duk wanda ya kawo maka kwalba da wannan da'awar kada ka karɓa, shi kuma mai neman ka tura shi wurin likitan sankara.

Tambaya: Mamata ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana kwance. Tana cin abinci amma ƙafafunta sai ƙanƙancewa suke yi. Me ya sa?

Amsa: 'Yata, Allah Ya ba Mama lafiya. Tsokar da ba ta motsi tana ƙara ƙera wasu E3 guda biyu, MuRF1 da atrogin-1, waɗanda aka gano aikinsu a 2001, su kuma sai su sa a riƙa rushe zaren tsokar. Abinci kaɗai ba ya tsayar da su, sai an haɗa da motsi. Ku kai ta sashen gashi na asibiti su koya muku yadda za ku riƙa lanƙwasa mata gwiwa da idon sawu kullum, ku zaunar da ita idan likita ya yarda, ku riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. A abincinta a yawaita wake da ƙwai da kifi da nono, sai dai idan tana da ciwon ƙoda, a nan ku fara tambayar likitanta adadin da ya dace.