Tambaya da Amsa: Na zaga Bauchi ban samu wajen IT ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce ƴar aji uku a kimiyyar kwamfuta a nan Bauchi, sati uku kenan da aka ba mu takardar SIWES, wato IT, horon aikin da ake tura ɗalibai su yi a wuraren aiki, na kai ofis biyar, wasu su ce oga baya nan wasu su karɓa su ce za su kira, har yau shiru kake ji. Ƙawata da ta yi nata bara ta ce wata shida ta kwashe tana fotokofi da sayo wa ma'aikata abinci, ko kwamfuta ba a bari ta taɓa ba. Sannan ina ta ganin ana maganar aikin koyon sana'a na Google a intanet, shin irinmu za su ɗauka kuwa?
Ɗaliba daga Yelwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. To da farko dai daina barin takarda a bakin get, wallahi yawancinsu a durowar masinja suke kwana. Ki shirya da safe wajen ƙarfe tara ki ce sashen ICT kike nema, ki ga shugaban sashen ido da ido, ki faɗa masa abin da kika iya ko da kaɗan ne, in laftof gare ki ki buɗe ki nuna masa ɗan shafin da kika haɗa a aji. Mutum ya fi tuna wadda ta nuna masa aiki a kan wadda ta miƙo ambulan ta juya.

Kuma ki rage kallon manyan gine-gine. Kowa banki yake so ko ma'aikata mai AC, alhali a can ne aka fi mayar da ɗalibi ɗan aike. Ɗan yayata a wani ɗan ƙaramin shago na masu haɗa netwok da saka kyamarar CCTV ya yi nasa, shagon ko kujera uku babu, amma satin farko aka zube masa wayar intanet da kawunanta, wato ƴan filogin da ake matsewa a bakinta, a gabansa aka ce sai ya iya jera siraran wayoyin nan guda takwas bisa launinsu ya matse, ya lalata kai ya fi goma maigidan na ta masa dariya, kafin wata biyu shi ake turawa makarantu shi kaɗai. Ki leƙa cibiyoyin CBT da ake zana JAMB ma, ɗaruruwan kwamfutoci ne a jone da sabar guda, kullum akwai wadda ta ƙi tashi. Ga gidajen rediyo, ga asibitoci masu ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta. In kina da dangi a Gombe ko Jos kar ki tsaya sai lallai Bauchi, ai hedikwatar ITF ɗin ma, hukumar horar da ma'aikata da ta ƙirƙiro SIWES a 1973, a Jos take.

Logbuk kuwa, littafin da ake rubuta aikin da aka yi, ki riƙa cikawa duk sati a sa miki hannu. Na san halinku, sai an ji supabaiza zai zo a zauna dare ɗaya a rubuta wata shida da biro ɗaya, kuma suna ganewa.

Maganar Google, e za ki iya, ba sai kin je Amurka ba. Sunan shirin Google Summer of Code, tun 2005 ake yi, daga gida ake aikin kuma ana biya, ana buɗe neman shiga wajen watan Maris aikin kuma ya faɗo cikin daminarmu. Akwai kuma wani shirin daban mai suna Outreachy, wata uku ne, dala 7,000, sau biyu a shekara Mayu da Disamba, kuma mata na cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Sai dai fa ba takardar makaranta suke kallo ba, so suke su ga kin riga kin gyara wani abu a manhajar da kike son yi wa aiki, saboda haka ki buɗe asusu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, yau ɗin nan ki koyi git, manhajar da ake tura gyara da ita, ki nemi ƙaramin gyara ki tura, ko za a dawo miki da shi sau uku ki sake. Ki lissafa kuɗin data da inda za ki riƙa caji tun yanzu, don Outreachy awa 30 suke so a sati.

Amma kar ki ɗauka wannan zai tsaya a madadin SIWES sai kin tambayi kodinetanku, tunda makaranta hatimi take so da wajen da malami zai je ya same ki. Ki rubuto min in kin koma wajen mutanen nan biyar, ina son jin me suka ce.