Miliyan uku a hannu: in haɗa kwamfutocin gem in jera, ko in buɗe gidan gem a Samaru?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a PZ, nan Zariya, kuma Allah ya rufa asiri na tara naira miliyan uku a gefe. Na iya haɗa kwamfutar tebur, wadda nake buga gem da ita ma ni na haɗa ta da hannuna, har abokaina biyu suka ce in haɗa musu. Tunanina ya rabu biyu: ko in sauka Legas in kwaso kaya in haɗa guda uku ko huɗu in jera a shago, ko in kama ɗaki a Samaru kusa da jami'a in buɗe gidan gem. Wanne Malam yake ganin ya fi?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. A cikin biyun nan ban zaɓa maka ko ɗaya ba a yanzu. Abin da nake ganin kana da shi mai daraja shi ne hannunka, wato iya haɗawar nan, kuma shi ya kamata ka fara sayarwa. Ka riƙa haɗa wa mutane bisa oda, su biya kafin alƙalami, kai kuma kuɗinka ya tsaya a matsayin jarin juyi.

Dalilina na farko dala ce. Babu wani ɓangare na kwamfutar gem da ake ƙerawa a ƙasar nan, daga furosesa har fanka, don haka duk wanda ya jera su a kanta, ya sani ko bai sani ba, ya shiga harkar canji. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji. Zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500, sannan a tsakiyar Afrilu na wannan shekarar ta sauko ƙasa da 1,200 kafin ta sake hawa. Ka ɗauki katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, na dala 200. Wanda ya saya lokacin 750 ya sayar da tsohon farashi ya ɗora 'yar ribarsa, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin duka ba su kai su sayo masa kati ɗaya ba. Wanda ya saro a Fabrairu kuma, wata biyu kacal maƙwabcinsa ya kawo irin kayan da araha ya bar shi da kwantai. Caja da murfin waya da ka saba sayarwa suna fita kullum, ko dala ta motsa kana gyara farashi ka wuce. Kwamfutar da ta lashe kusan miliyan guda tana iya yin wata huɗu tana kallonka.

Kuma tana tsufa a inda take zaune. Kamfanin Nvidia ya fitar da katin girafik RTX 3060 a 2021, RTX 4060 a 2023, RTX 5060 a 2025. Duk lokacin da sabo ya fito, na baya sai ya rage daraja ko da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. Ga wani abu da na lura da shi game da masu sayen irin wannan kaya: sun san abin da suke so tun kafin su zo. Yaron da ya shekara yana tara kuɗi ya riga ya kalli bidiyo ba adadi, zai ce maka shi furosesar Ryzen yake so, ram ɗin ya zama 16GB, katin ya zama kaza. Wadda ka riga ka haɗa da wuya ta dace da abin da ke ransa, sai ka koma kana kwance kayan da ka ɗaure.

Haɗawa bisa oda tana kawar da wannan duka. Mutum ya zo, ku zauna ku rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, ka kira dilanka a Computer Village ta Ikeja ko a Kano ka ji farashin ranar, ka ba shi jimla wadda ka rubuta cewa ta kwana biyu ce kawai. Ya biya kuɗin kaya gaba ɗaya ko aƙalla kashi 70 cikin ɗari, ladan aikinka kuma a rubuce daban, idan ya zo ɗauka ya cika. Wannan ciniki ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne malaman fiƙihu ke kira istisna'i, irin yadda ake ba kafinta aikin gado a siffanta masa komai. Kada ka ɓoye ladanka a cikin farashin kaya. Waɗannan yaran suna duba farashi a waya, ranar da ɗaya ya gano ka ƙara dubu arba'in a kan kati ba ka faɗa ba, labarin zai zaga ɗakunan kwanan ɗalibai kafin magariba. Ka ce masa ga kuɗin kaya, ga kuɗin mota daga Legas, ga nawa na haɗawa da gwaji da garanti. Mutane suna biyan wannan da daɗin rai.

Sannan ka faɗaɗa tunaninka game da mai saye. Idan ka tsaya kan masu buga gem kaɗai, kasuwar Zariya za ta yi maka kaɗan. Kwamfutar da ke ɗaukar wasan Call of Duty ita ce dai ke ɗaukar manhajojin zanen gini irin Revit da Lumion da AutoCAD, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zanen gine-gine da tsangayar injiniya cike da ɗalibai masu fama da laftof mai zafi. Akwai na kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, akwai masu ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada da Sabon Gari da ke kwana suna jiran fim ya gama fita, akwai masu shagunan ɗab'i. Waɗannan da kwamfutar suke cin abinci, shi ya sa ba sa jinkirin biya, kuma su ne ke dawowa a ƙara musu ram ko a sauya musu kati.

Game da kayan kansu, shawarata ka tsaya a tsakiya. Ryzen 5 5600 a kan madabod (babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai) samfurin AM4, da ram DDR4 guda biyu na 8GB, da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri), da kati irin RX 6600 mai 8GB ko RTX 3060 mai 12GB, wannan haɗin yana ɗaukar mafi yawan wasanni a 1080p ba tare da wahala ba. Amfanin AM4 shi ne ya daɗe a kasuwa, kayansa na hannu suna da yawa, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa da ƙaramar furosesa ya ɗaga daga baya a kan madabod ɗin nan. Sabon samfurin AM5 da ya fito a 2022 ba ya karɓar ram DDR4, dole DDR5, don haka sai mai kuɗin da ya nema da bakinsa. Ka kuma kiyayi tarkon tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake jibgewa da araha. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Ban da haka, yawancin siraran akwatunan nan fawa fak ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne kuma na musamman, ba ya ɗaukar babban kati. Za su yi wa mai neman ta rubutu da lissafi, amma kada ka sa musu fitila mai launi ka kira su kwamfutar gem.

Inda za ka ci riba ko ka ƙone shi ne katin girafik na hannu. A Satumba 2022 kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa, wato samar da kuɗin ta hanyar aikin katin girafik, sai masu haƙar kirifto suka zubo katunansu kasuwa, musamman RX 580, waɗanda da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan uwan RX 570 ne, akwai jabu da ake sauya wa suna a ciki. Kada ka biya kuɗin kati sai an kunna shi, manhajar GPU-Z ta nuna maka ainihin abin da yake, manhajar FurMark ta matsa shi na minti ashirin ko talatin kana kallon zafinsa da allon ko zai yi ɗigo-ɗigo. Idan ta tasha za a aiko maka, dila ya yi maka bidiyon gwajin da lambar katin a fili, kuma ku yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa. Haka SSD, manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka awa nawa ya yi yana aiki. Abu ɗaya da ban yarda ka saya na hannu ko marar suna ba shi ne fawa fak. Shi ne ke tsakanin wutarmu da kayan mutane, idan ya tashi mutuwa yakan tafi da madabod da kati. Sayi sabo na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus Bronze, wat 550 zuwa 650 ya ishi irin haɗin da na ambata.

Yanzu gidan gem. Ban ce haramun ne ko ba ya kawo kuɗi ba, amma ka ɗauki biro. Kwamfuta irin wannan da allonta tana jan wajen wat 300 idan ana wasa. Guda biyar wat 1,500 ke nan, ba a sa fanka ba, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba, wadda a zafin Maris da Afrilu na Zariya sai ka neme ta. Awa goma a rana ya zama yunit 15. A Afrilu 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kan yunit ɗaya, wato sama da naira 3,000 a rana idan wutar ta zauna. Idan ba ta zauna ba sai janareta, kuma ka san abin da fetur ya zama tun da aka cire tallafi a Mayu 2023. Miliyan ukunka ba za ta sayi kwamfutoci biyar da janareta da kujeru da hayar shekara ba, balle sola da inbata. Sannan yawancin masu shiga gidan gem ƙwallo suke zuwa bugawa, mutum biyu a kan allo ɗaya, abin da na'urar wasa ta PS4 ke yi da ƙaramin kuɗi da ƙaramar wuta. Ga kuma kalandar makaranta: a 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, duk mai shago a Samaru ya san yadda garin ya koma, haya kuwa ba ta tsaya ba. Ban da wannan akwai nauyin da zai hau kanka na yaran unguwa masu gudun makaranta da Islamiyya, da masu mayar da wasan caca. Wanda zai buɗe irin wannan wuri sai ya zauna a ciki da kansa ya sa doka, kai kuma kana da shago a PZ da ke ciyar da kai.

Abin da mutane ke rainawa, kuma ni a nan nake hango maka kuɗin yau da kullum, shi ne gyara da kulawa. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe fanka da ragar akwati, sai bazara ta zo ta tarar da kwamfuta a shaƙe, ta fara kashe kanta tsakiyar aiki. Mai ita zai ɗauka ta lalace, alhali buluwa da burushi mai laushi da sabon man da ake shafa wa furosesa ne maganinta. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da kake hura ta don kada ta yi gudun da ya wuce ƙima. Duk wadda ka haɗa, ka rubuta ranar a littafi, ka kira mai ita a ƙarshen hunturu ya kawo a share. Na farko kyauta, na gaba da kuɗi. A wannan zuwan ne zai tambaye ka nawa ne ƙarin ram, kuma a nan ne za ka sayar masa da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan aka ɗauke wuta. Ka tabbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta ne, don wasu fawa fak na zamani suna ɗaukewa a kan masu arahar nan daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Garantinka ya kasance a rubuce a bayan rasit, da lambar kowane ɓangare. Ka bambanta na sabon kaya da na hannu, misali wata ɗaya ga na hannu, ka kuma rubuta ƙarara cewa abin da wuta ta ƙona ba ya ciki idan mutum ya ƙi sa sitabilaiza ko UPS. Daga kowane aiki ka ware wani abu, ko kashi 5 cikin ɗari ne, a asusun da ba ka taɓawa sai ranar da kati ya mutu a cikin garanti. Ranar za ta zo, kuma yadda ka yi da mutumin a ranar shi zai kawo maka na gaba.

Game da miliyan ukun, da ni ne zan bar rabi ko fiye a gefe ba tare da na taɓa ba, kada kuma ka janye ko sisi daga jarin shagon waya. Taka kwamfutar ka kawo ta shago ta zama ta nuni, ba sai ka haɗa wata ba. Sauran kuɗin ka sayi kayan aiki, da ɓangarorin gwaji da za su taimake ka gano cuta, da 'yan kayan da ke fita da sauri irin SSD da ram da fanka da man furosesa. Ka fara da abokan nan naka biyu, amma ka yi musu da rasit da kafin alƙalami kamar baƙi, ka ɗauki hoton aikin da izininsu. Idan sunan kasuwancinka bai da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka yi, saboda ofisoshi da makarantu ba sa ba da aiki sai da shi. Bayan wata shida ka buɗe littafinka ka ga oda nawa ka samu, nawa gyara ya kawo, kuma mutum nawa suka tambaye ka wurin da za su zauna su buga. Idan masu tambayar sun yi yawa, ka sa kwamfuta ɗaya da PS4 ɗaya a gefen shago ka gwada na zango guda, ka rubuta kuɗin wuta da fetur na kowace rana, sannan ka sake rubuto mini mu duba lissafin ɗakin Samaru tare.