Tambaya da Amsa: Shin Wahalar Lissafi Za Ta Iya Kare Zaɓe?

Tambaya: Na ji ana cewa akwai tsarin zaɓen da ko kwamfuta sai ta sha wuya kafin ta gano yadda za a karkatar da sakamakonsa. Shin gaskiya ne, kuma ana iya dogara da wannan kariya?

Amsa: Malam mai tambaya, akwai gaskiya a cikin maganar, amma abin da masana ke nufi a nan ya bambanta da satar akwati ko aringizon ƙuri'u. Suna magana ne a kan zaɓen da kowa ke jera 'yan takara daga wanda ya fi so zuwa ƙasa, da kuma mai zaɓen da ya ɓoye ainihin ra'ayinsa, ya jera 'yan takara ta wata fuska dabam domin gwaninsa ya kai labari. Masana biyu, Gibbard a 1973 da Satterthwaite a 1975, sun tabbatar da cewa matuƙar mutum uku ko fiye suna iya yin nasara, kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, babu tsarin da ya tsira daga wannan dabara.

Ganin haka ne ya sa Bartholdi da Tovey da Trick suka kawo shawara a 1989 cewa tunda ba a iya toshe ƙofar, a sa gano ta ya yi wuya. Mu ɗauki 'yan takara goma: hanyoyin jera su sun kai 3,628,800, kuma kowane ƙarin mutum ɗaya yana ninka adadin sau da yawa. A tsarin Borda, inda ake ba da maki bisa matsayi, mai dabara ɗaya ba ya buƙatar bin wannan jeri duka. Yana ɗora gwaninsa a sama, ya tura abokan hamayya masu ƙarfi can ƙasa. Amma a tsarin ƙuri'a mai canza hannu, inda ƙuri'arka ke komawa ga na gaba a jerinka idan gwaninka ya faɗi, wanda Ayilan da Malta ke amfani da shi, Bartholdi da Orlin sun nuna a 1991 cewa neman ƙuri'ar dabara yana cikin matsalolin da har yau ba a san hanyar warware su da sauri ba.

Inda nake jan hankalinka shi ne, wannan wahala ta shafi yanayi mafi tsanani ne kawai. Idan 'yan takara kaɗan ne, kwamfuta tana iya gwada kowane jeri cikin ƙiftawar ido, kuma a zaɓuka da yawa hanyoyi masu sauƙi na gano ƙuri'ar dabara suna cin nasara. A ganina, abin da ya fi takura mai dabara shi ne rashin sanin yadda sauran jama'a suka zaɓa, domin waɗannan lissafe-lissafe sun ɗauka cewa ya san ƙuri'ar kowa, alhali ƙuri'ar sirri tana hana shi wannan sani.