Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ke ce mata "ba na son ki"

Assalamu alaikum 'yar'uwa, na ga tambayarki tun da safe, kin ce yaronki ɗan shekara 4 in ya fara birgima sai ya ce ba ya son ki, ke muguwa ce, har kika shige ɗaki kika yi kuka. Wallahi kin ba ni tausayi don na san zafin nan, ɗana na biyu ya yi min lokacin yana nazare.

Wata rana ya dawo makaranta ƙarfe 1 ya ce sai na ba shi waya ya kalli katun, na ce a'a abinci tukuna, kawai yaron nan ya zube a tsakar gida yana shure-shure, ya ɗago ido jajir ya watsa min daƙuwa. Bakina har ya buɗe zan ce Allah ya... sai surukata ta ce kul, bakin uwa ba abin wasa ba ne. Kuma gaskiyarta, akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da Annabi (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a kada ta dace da lokacin amsawa. Dan Allah ki fara kama bakinki kafin nasa.

Yaro a shekarun nan bai san nauyin maganar ba, ya dai lura in ya faɗa fuskarki na canzawa, shi ke nan ya samu makami. Ni sai na koma in ya fara in durƙusa daidai tsayinsa in ce na san ranka ya ɓaci amma ba a zagin Umma, waya kuma ba yanzu ba, in tashi in ci gaba da aikina. Ban da dogon wa'azi, a lokacin kunnensa a toshe yake. Kuma kar ki kuskura ki ba shi abin da yake wa kukan, gobe ma haka zai yi. Sai da daddare bayan wanka yana jikina nake ce masa maganar ɗazu ta yi min ciwo, in ka ji haushi ka ce Umma raina ya ɓaci. Kusan wata 2 muka yi kafin ya fara faɗin hakan da kansa.

Ki bincika inda yake jiyowa kuma. Ni nawa ɗan, daƙuwar a wajen yaran layi ya ɗauko, amma "muguwa" a bakina ya ji, ni nake faɗa wa yayarsa in ta tsokane shi, na ji kunya sosai. Kakarsa ma sai da na roƙe ta ta daina dariya in ya yi, shi bai bambance wasan jika da kaka da zagin uwa ba.

Rabin rigimar ma yunwa ce da barci, ayaba ɗaya a bakin ƙofa ta rage min da yawa. Amma in yana buga kansa a bango, ko maganarsa ba ta fita kamar ta sa'anninsa, ki kai shi wajen likitan yara a duba. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.