Sinadarin kulorin a ruwan famfo: yana cutar da lafiya?

Malama, kin ce ruwan famfonku yana warin kulorin, kuma kin ji ana cewa yana jawo ciwon daji, shi ya sa kike son ki daina ba yaranki. Don Allah kada ki yi gaggawa.

Ana sa kulorin a ruwan famfo ne don kashe ƙwayoyin cuta, amma maganar tana da tushe. Idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ke cikin ruwan kogi ko tafki, sai a samu wasu sinadarai, irin su kulorofom. Wani masani mai suna Johannes Rook ne ya gano haka a birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 1974. Daga baya bincike ya nuna alaƙa tsakanin shan irin wannan ruwa shekara da shekaru da ƙaruwar haɗarin dajin mafitsara. Saboda haka Amurka ta kayyade cewa rukunin su kulorofom kada ya wuce maikirogiram 80 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a litar ruwa ɗaya, Tarayyar Turai kuma 100.

Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan da ba a kashe ƙwayoyin cutarsa ba. Kwalara da taifot sukan kwantar da yaro cikin kwanaki, har su yi ajalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a sassauta tsabtace ruwa don gudun waɗannan sinadarai.

Kulorofom yana saurin bin iska. Ki tafasa ruwan, ko ki bar shi a buɗaɗɗen mazubi mai tsabta, kulorofom ɗin zai ragu. Matatar ruwa mai gawayi ma tana rage shi, in dai ana sauya ta a kan kari. Wajen wanka da ruwan zafi kuma a bar taga a buɗe, domin ana shaƙar kulorofom a tururi.