Ɗan ƙanina yana so in zuba miliyan 6 a manhajar bitar kundin lab

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, na daɗe ina sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, irin su sinadaran gwaji, kwalaben ɗibar jini da safar hannu. Ɗan ƙanina ya karanci kwamfuta, ya zo mini da shawarar mu haɗa manhajar waya da za ta riƙa bibiyar bitar takardun lab, ta nuna wane kundi shugaban lab ya duba ya sa hannu, wanne ne aka bari ba a duba ba. Ya ce aikin zai ci naira miliyan 6 cikin wata 5, ni in sa kuɗi shi ya sa basira, mu raba riba. Ina da lab kusan 40 da ke sayen kaya a wurina. In shiga, ko in yi zamana?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron nan ya hango abu na gaskiya, wannan kam ka yaba masa. Amma miliyan shidan nan ka bar ta a inda take tukuna, don a yadda ya kawo maka maganar, cinikin biri a sama ne.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Na taɓa raka wani abokina wani lab mai zaman kansa ana jibi masu bincike za su zo. Na tarar da wata ma'aikaciya ta baje takardar awon sanyin firji ta wata guda tana cike ta da biro ɗaya: 4, 4, 5, 4, safe da yamma, har da ranakun da duk unguwar ta san an kwana biyu babu wuta, janareta kuma yana wurin bakanike. Gurbin da aka ware don sa hannun mai bita kuwa wayam yake tun daga ɗaya ga wata. Da oga ya iso, ko zama bai yi ba, ya karɓi biron ya jera sa hannu talatin a tsaye. Kai da kake sayar da sinadari ka fi ni sanin cewa da yawansu sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya kwana cikin zafi ba lallai ya canza kama ba, sai dai ya riƙa ba da sakamakon ƙarya, likita ya rubuta magani a kai.

To wannan ita ce cutar da manhajarku take son magancewa, kuma akwai masu tambayar a nuna musu an magance ta. A Najeriya hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke rajista da duba ɗakunan gwaji. Ma'aunin duniya na ingancin lab na asibiti shi ne ISO 15189, wanda aka sabunta a 2022. Akwai kuma tsarin SLIPTA na ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke bai wa lab taurari daga ɗaya zuwa biyar: sai ka ci kashi 55 cikin ɗari kake samun tauraro ɗaya, biyar kuwa sai kashi 95. Cikin tambayoyin da mai binciken SLIPTA ke yi akwai wannan kai tsaye: shin ana bitar takardun inganci a kai a kai, kuma da shaida a rubuce? Yana nufin takardar firji, ta kula da na'urori, ta gwajin tabbatar da inganci na kullum, ta samfuran da aka ƙi karɓa, da ta ƙorafin jama'a.

Sai dai samuwar cuta daban, samuwar mai sayen magani daban. Ɗauki littafin cinikinka ka bi lab arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne daga ciki suke neman tauraro ko takardar ISO? Nawa ne suke da kwangila da kamfanin inshorar lafiya, ko wata ma'aikata, ko wani shiri na masu ba da tallafi da ke turo mutum ya bincika musu takardu? Waɗannan su ne kasuwarka. Lab mai ɗaki ɗaya da ke gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot da juna biyu, wanda mai shi ne ma'aikaci shi ne mai bita shi ne mai karɓar kuɗi, ba zai ba ka ko sisi duk wata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ga kuma wata magana da ba a cika faɗa ba. Takarda tana da wani amfani ga malalacin oga: ana iya cike ta daga baya. Manhaja ta ƙwarai ba ta yarda da haka, tana nuna cewa an yi kwana goma sha tara ba a leƙa kundin firji ba. Wato kana ƙoƙarin sayar wa mutum abin da zai tona masa asiri. Ka sa rai cikin makon farko wani zai ja ka gefe ya ce a sa masa wurin gyara kwanan wata. Ranar da ka yarda, ranar manhajar ta mutu, domin da zarar mai bincike ɗaya ya gano ana iya mayar da kwanan wata baya, babu wanda zai sake amincewa da abin da ta fitar.

Yanzu lissafi. Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, lab 20 sun yarda su riƙa biyan naira dubu 10 a wata. Dubu 200 ke nan. Kafin miliyan shida ta dawo sai an yi wata 30, shekara biyu da rabi, kuma ba mu cire komai ba tukuna. Akwai kuɗin hayar rumbun adana bayanai a intanet, wanda galibi da dala ake biya, kuma ba ka manta yadda dala a farashin hukuma ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haye 1,500 a farkon 2024 ba. Akwai albashin wanda zai riƙa ɗaukar waya idan manhaja ta ƙi buɗewa, da kuɗin mai na zagayen koyarwa, da gyaran da ba ya ƙarewa, don duk shekara Android na canzawa kuma sai an bi shi. Kwatanta wannan da sau nawa miliyan shida za ta juya a shagonka cikin wata talatin. Kai ka san amsar.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ku gwada kasuwar kafin a rubuta manhaja. Akwai KoboToolbox, wanda ƙungiyoyi ke tattara bayanai da shi a ƙauyuka. Ana tsara fom a kwamfuta, a cike a wayar Android ko babu sabis, in sabis ya dawo ya tura. Ɗan ƙaninka zai iya haɗa fom ɗin bita da shi cikin 'yan kwanaki. Zaɓi lab biyar daga cikin masu neman tauraro, ku ɗauki kundi uku kacal: firji, gwajin inganci na kullum, da kula da na'ura. Wata na farko kyauta. Daga na biyu ka karɓi kuɗi, ko kaɗan ne, domin "wallahi abin ya yi kyau Alhaji" ba ciniki ba ne, kunya ce. Kuma ka je da ƙafarka, ka zauna a lab ɗin da ƙarfe takwas na safe lokacin da mutane suka cika benci, ka ga ko ma'aikaciya tana da daƙiƙa talatin da za ta taɓa waya.

A wannan zaman za ka lura da abin da mai rubuta manhaja daga ɗakinsa ba zai taɓa hangowa ba: ma'aikacin lab hannunsa cikin safa yake, yana taɓa jini da majina, kuma ƙa'idar tsafta ba ta yarda ya ciro wayarsa ta aljihu a wurin aiki ya koma da ita gida ba. Don haka tsarin ya zama waya ɗaya ce ta lab, tana zaune a wuri guda, kowa na da lambar sirrinsa ta shiga. Wannan kaɗai ya canza farashinka, don ko dai lab ya sayi wayar, ko kai ka haɗa musu da ita. Saboda irin waɗannan nake cewa ku nemo ƙwararren masanin lab da ya taɓa shirya wa binciken SLIPTA, ku biya shi ya zauna da ku tun daga farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan gwajin ya yi kyau aka zo rubuta manhajar, ka tsaya kai da fata a kan 'yan abubuwa. Wanda ya shigar da awo kada ya zama shi ne mai bitarsa. Kada a iya goge komai. In an yi kuskure a ƙara sabon layi na gyara, tsohon yana nan ana gani, kamar yadda ake yi a takarda a ja layi ɗaya a sa hannu a gefe. Lokaci kuma a riƙe guda biyu, na wayar da na rumbun intanet, saboda agogon waya kowa na iya juya shi. In firji ya nuna digiri 11, manhajar ta ƙi rufe shafin sai an rubuta abin da aka yi a kai, domin mai bincike ya fi damuwa da matakin da aka ɗauka fiye da lambar kanta. A ƙarshen wata ta fitar da rahoton da za a iya bugawa a sa a fayil. Duk wani ado bayan wannan ya jira.

Sunayen marasa lafiya da sakamakonsu kuwa, kada su kusanci manhajar nan. Za a roƙe ka, za a ce ai tunda an fara a haɗa da rajistar sakamako. Ka ce a'a. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin muhimmanci. In suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72, tarar kuma tana iya kaiwa naira miliyan 2 ga ƙaramin kamfani, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a shekara, duk wanda ya fi yawa. Bayan haka, manhajojin sarrafa lab gaba ɗaya suna nan, wasu ma kyauta ne irin su OpenELIS da SENAITE. Garin neman gira kada a rasa ido. Ko sunayen ma'aikata da za ku riƙe ma dokar ta shafe su, amma nauyinsu bai kai na sakamakon gwajin wani ba.

Sai maganar da ta fi wuyar faɗa, ta zumunci. Ɗanka ne, na sani, kuma shi ya sa ma nake so a rubuta. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wanda ya rubuta manhaja shi ke da ita, sai in akwai yarjejeniya da ta ce ba haka ba, kuma miƙa mallaka sai a rubuce. Ma'ana kana iya biyan kuɗin duka ka wayi gari ba ka da komai a hannu. Ku yi wa kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a rubuta kason kowa. Asusun Google Play, wanda ake biyan dala 25 sau ɗaya, da na rumbun bayanai, da wurin ajiye rubutun manhajar, duk su kasance da sunan kamfanin, kai ma kana riƙe da mabuɗinsu. Na Apple dala 99 ne duk shekara, ku ƙyale shi, wayar lab ba iPhone ba ce. Kuɗi kuma ya fita kashi-kashi, kowane kashi bayan ka ga abu yana aiki a hannun ma'aikacin lab, ba a hoton da aka turo maka ta WhatsApp ba. A rubuta har da abin da zai faru in yaron ya sami aiki a Legas ko waje, don masu irin basirarsa ba sa daɗewa a zaune. Ka kira mahaifinsa ya zama shaida, ka sa lauya ya duba takardar.

Ni a ganina ma, ribar wannan abu ba lallai ta fito daga kuɗin wata-wata ba. Kai mai sayar da sinadari ne. Manhajar da ke riƙe lambar rukunin sinadari da ranar lalacewarsa, tana tuna wa lab cewa saura mako uku, ta ɗaure maka abokin ciniki fiye da duk rangwamen da za ka yi masa. Kana iya ba da ita kyauta ga wanda cinikinsa ya kai wani adadi a wata, sauran su biya. Amma ka yi hattara, mai lab ba wawa ba ne: zai yi tunanin kana leƙen rumbunsa kana ganin me ya saya a wurin abokin hamayyarka. Ka rubuta masa ƙarara me kake iya gani, me ba ka iya gani, kuma ka sa a gina manhajar ta yadda ko ka so ba za ka iya ba.

Saboda haka ka ware abin da ba zai girgiza shagonka ba, kuɗin wayoyi biyar, na data, na zirga-zirga, da ladan yaron da masanin lab na wata uku. A ƙarshen wata na uku ka duba abu biyu: lab nawa ne suka biya ba tare da ka bi su ba, kuma a lab nawa ne oga ya riƙa yin bita a ranakun da babu wanda ya tuna masa. In uku cikin biyar sun tsallake duka biyun, ka sake rubuto mini da alƙaluman mu tsara kashin farko na kwangilar. In ba su kai ba, wayoyin dai suna nan, ka ba yaran shago su riƙa karɓar oda da su.