Amsa: Sai na sayi kaya kafin na shiga ayarin motsa jiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dole ne ka sayi takalmi a shagon kayan wasanni kafin su bar ka ka bi ayarinsu na safiyar Asabar. A namu dai, nan Kano, ba a taɓa tambayar kowa ba. Muna haɗuwa ƙofar shagon bayan sallar asuba, mai shagon ya fito da famfo ya ba masu kekuna iska kyauta, mu masu tafiyar ƙafa mu kama hanyar Dutsen Dala.

Ranar farko a tsakiyar matattakalar na tsaya, gwiwa na rawa. Wani dattijo ya tsaya tare da ni, ya miƙo mini gorar ruwansa, bai ce komai ba har numfashina ya dawo. Abin da ya sa na koma ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ka ga Asabar kaɗai ba ta isa ba, sai ka ƙara da tattaki da yamma. Tsohon kambas ɗinka ya wadatar, amma ban da silifas, saukowa akwai santsi. In kana da hawan jini, fara ganin likita.